Yadda Ake Gane Kuloci Ya Ƙare a Tsohuwar Fijo

Kuloci shi ne ke haɗa ƙarfin injin da giyabos, ya kuma raba su idan direba ya taka. Manyan sassansa uku ne: faifan da ke ɗauke da fatar da ke cinyewa, da murfin da ke matse shi a jikin babban faifan ƙarfe na bayan injin, sai biyarin da ke sakin matsin. Duk a rufe suke, ido ba ya kaiwa gare su, saboda haka daga halin motar ake gane lafiyarsu.

Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, kamfanin PAN kuma ya fara harhaɗa motocin Fijo a Kaduna a 1975. Waɗanda suka rage a hanyar Tsafe zuwa Gusau da Bungudu sun sha lodin hatsi da fasinja, kuma lodi da riƙe mota a rabin kuloci su suka fi cin faifai.

Alama ta farko ita ce zamewa. A babbar giya, idan aka taka totur injin ya yi kuka amma gudu bai ƙaru ba, fatar ta yi siriri. An fi jin haka a hawa da kaya, sau da yawa tare da ƙauri. Akwai gwajin da bakanike ke yi a tsaye: ya ja birkin hannu, ya sa giya ta uku, ya saki kuloci a hankali. Idan injin ya mutu nan take, faifan yana kamawa. Idan ya ci gaba da aiki, faifan ya ƙare. Ba a yawaita wannan gwaji, domin shi ma yana cin fatar.

Inda ake yawan asarar kuɗi shi ne idan giya ta ƙi shiga. Kulocin 504 da mai yake aiki, irin na birki. Idan man ya tsiyaye, ko iska ta shiga bututu, ko robar famfon man ta mutu, feda za ta yi laushi, giya ta riƙa gurzawa alhali faifan lafiya lau. Wannan ƙaramin gyara ne, kuma abin takaici ne a sauke giyabos kafin a duba shi. Ƙarar da ke tashi sai an taka feda kuwa, yawanci ta biyarin ce. Karkarwa wajen tashi tana nuna baƙin mai ya jiƙa faifan, ko robobin da ke riƙe injin sun saki.

Idan aka tabbatar faifan ya ƙare, kada a yi jinkiri: da fatar ta ƙare, ƙusoshinta za su fara kartar faifan ƙarfen, aikin ya ninka. Tunda sai an raba injin da giyabos, daidai ne a sauya sassan uku gaba ɗaya, a kuma duba robar da ke tare mai a bayan injin. Faifan gwanjo ba ya biyan wahalar sauke giyabos karo biyu. Ƙurar ciki ba a hura ta da iska, domin tsofaffin faifai na ɗauke da asbestos mai illa ga huhu; da jiƙaƙƙen tsumma ake gogewa.