Abdulrazak Gurnah: Marubucin Birtaniya da ya taɓa koyarwa a Kano

Lokacin da aka bayyana sunan Abdulrazak Gurnah a matsayin wanda ya ci kyautar Nobel ta adabi a watan Oktoban 2021, mutane da dama a arewacin Najeriya ba su san cewa ya taɓa zama a cikinsu ba.

A farkon shekarun 1980 ya koyar a Jami'ar Bayero da ke Kano, kafin ya koma Jami'ar Kent a Ingila, inda ya zama farfesan adabi har ya yi ritaya a 2017.

An haife shi a tsibirin Zanzibar a 1948, cikin iyalin Musulmi masu magana da Swahili. Bayan juyin juya halin 1964, wanda aka kashe Larabawa da dama a cikinsa, ya tsere zuwa Ingila yana ɗan kimanin shekara 18. Bai sake ganin gida ba sai 1984.

Da Turanci yake rubutu, kuma ya wallafa littattafan ƙagaggun labarai 11, na baya-bayan nan shi ne Theft a 2025.

Yaron da aka bayar jingina

Wanda bai taɓa karanta shi ba zai fi kyau ya fara da Paradise, wato Aljanna, na 1994, wanda ya kai zagayen ƙarshe na gasar Booker.

Labarin Yusuf ne, yaro ɗan shekara 12, wanda mahaifinsa ya miƙa wa wani attajiri mai suna Aziz. Yaron yana zaton kawunsa ne, sai daga baya ya gane cewa jingina aka bayar da shi saboda bashi.

Daga nan ya bi ayarin fatake zuwa tsakiyar Afirka, ana biyan sarakuna fito, ana tafka asara, a daidai lokacin da Jamusawa ke kama ƙasar Tanganyika.

Mai karatu Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa bayanin madugu ko zango, kuma zai tuna da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda aka raba yaro da uwarsa aka ƙetare da shi Sahara.

Zai kuma ga abin da kan wuce wa Bature da yawa: labarin yana bin sawun ƙissar Annabi Yusuf (AS), da mafarkai, da kyawun yaron, har da matar maigida da ta yage masa riga ta baya. An fassara littafin zuwa Swahili a 2022.

Iyaka da takarda

A garin Illela na jihar Sakkwato, inda 'yan kilomitoci ne suka raba shi da Birnin Konni a Jamhuriyar Nijar, batun iyaka ba labarin littafi ba ne.

Birtaniya da Faransa ne suka shata layin a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, suka raba dangi da kasuwanni. An rufe iyakar a Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023.

Wanda ya ga manyan motoci jere da kaya suna lalacewa a wancan lokaci zai fahimci By the Sea, wato A Bakin Teku, na 2001.

Wani dattijo ne, Saleh Omar, ya sauka a filin jirgin saman Gatwick yana neman mafaka da fasfo mai sunan wani. An ba shi shawarar ya nuna ba ya jin Turanci, alhali yana ji sarai. Abu mafi daraja a jakarsa ɗan akwati ne na turaren ud, jami'in shige da fice kuma ya karɓe shi.

Da aka nemo wanda zai yi masa tafinta, sai aka dace da ɗan mutumin da ya ari sunansa, ga kuma tsohuwar gaba a kan gida da bashi tsakanin iyalansu.

Zaman da mutanen biyu suka yi, kowa yana ba da labarin yadda shi ya san shi, yana cikin abubuwa mafiya kyau da Gurnah ya rubuta. Babu wanda ya fita da gaskiya shi kaɗai.

Ba ya rufa wa kowa asiri

Afterlives na 2020 ya waiwayi 'yan Afirka da suka yi wa Jamus aikin soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, wasu bisa tilas, wasu da ƙafarsu. Ƙarshensa ya ɗan yi sauri idan aka kwatanta da farkonsa, amma tarihi ne da ba a cika koyarwa a makarantun Najeriya ba.

Ya kamata mai karatu ya san cewa Gurnah ba mai wa'azi ba ne. Sallah da karatun allo da salati suna nan a rayuwar mutanensa kamar ci da sha, amma yadda ya fallasa zaluncin Turawa haka ya fallasa cinikin bayi da cin amana da danne mata a tsakanin Musulmin gaɓar teku. Akwai kuma wurare da suka taɓo sha'awa a fili, waɗanda wasu iyaye za su so su duba kafin su miƙa wa yara.

Labaransa suna tafiya a hankali, ba irin na karantawa a zama ɗaya ba ne. Turancinsa dai mai sauƙi ne, cike da kalmomin Swahili da Larabci, waɗanda da yawansu wanda ya yi makarantar allo ko Islamiyya zai gane su ba tare da ƙamus ba.