Lanhon Amurka: idan an hana magidanci kuɗin yara, ina mafita?

A Maraɗi da Damagaram da Tawa akwai gidaje da dama da tukunyarsu ke tafasa da aiken da ƴan'uwa ke yowa daga Amurka, musamman daga Niyok da Girinsboro ta jihar Karolina ta Arewa, inda ƴan Nijar suka taru da yawa. Ga mai iyali a can, watannin Fabrairu zuwa Afrilu su ne kaka, domin a lokacin ne ma'aikatar lanho ta ƙasar, wadda ake kira IRS, take maido wa mutane rarar kuɗinsu. Amma wata shekara, maimakon kuɗi sai ambulan ya iso, da takarda mai cewa an soke rangwamen da mutum ya nema saboda ƴaƴansa. Ginin da aka soma a gida ya tsaya, kuɗin lakwal ya makara. Abin da mutum ya yi cikin makwannin da suka biyo baya shi ke raba wanda zai karɓi haƙƙinsa da wanda zai wayi gari da bashi.

Mene ne kuɗin yara?

Ma'aikatan gwamnati a Nijar sun san cewa yawan iyali yana rage lanhon albashi. Tsarin Amurka ya yi kama da wannan. Dokar 1997 ce ta kafa shi, aka fara da dalar Amurka 400 kan kowane yaro a 1998. Ya kai 2,000 daga 2018, sannan dokar watan Yuli 2025 ta ɗaga shi zuwa 2,200. Wannan ba dalar kasuwa mai tamma biyar ba ce: rabon yaro guda ya haura miliyan ɗaya na sefa. Ana cire kuɗin daga lanhon da ke kan mutum, kuma wanda lanhonsa bai kai haka ba ana iya ba shi har dala 1,700 a hannu kan kowane yaro a lissafin 2025.

Sharuɗɗan kuwa ba su da sassauci. Dole yaron ya kasance bai cika shekara 17 ba a ƙarshen shekarar lissafi, ya zama ɗan ƙasa ko mazaunin ƙasar a idon doka, yana da lambar da ake kira SSN tun kafin wa'adin miƙa takardun lanho, kuma ya zauna tare da mai nema fiye da rabin shekara. Daga lissafin 2025 shi ma mai nema sai da wannan lamba, ko aƙalla ɗaya daga cikin ma'aurata idan tare suka cika takarda.

A nan ne al'ada da doka ke raba hanya. A ƙasar Hausa, wanda ke ciyar da yaro da tufatar da shi shi ne mai ɗawainiyarsa, ko suna gari ɗaya ko ba sa gari ɗaya. Dokar Amurka rufin ɗaki take dubawa. Ɗan ƙane ko jika da ke kwana gidan mutum a Girinsboro yana iya shiga lissafi, amma ɗan cikinsa da aka kai riƙo wurin kaka a Madawa ba ya shiga, ko da a Amurka aka haife shi, ko da uban ne ke biyan komai. Tafiyar ɗan lokaci kuwa, kamar don karatu ko jinya, doka tana ɗaukar ta kamar yaron yana gida.

Kowace takarda da wa'adinta

Abu na farko shi ne duba lambar takardar da ranar da aka rubuta ta, domin ba duka suke ɗaya ba.

Mai lamba CP11 ko CP12 tana nufin ma'aikatar ta gyara lissafin da kanta. Sau da yawa dalilin bai wuce lamba guda da aka rubuta ba daidai ba, ko sunan yaro da ya saɓa da wanda ke kan katinsa, abin da ke saurin faruwa ga masu suna irin Mahamadu, da ake rubutawa ta hanyoyi barkatai. Mutum yana da kwana 60 ya ce bai yarda ba. Idan ya yi haka cikin wa'adi, wajibi ne a janye gyaran, ko da daga baya za a buɗe bincike. Idan ya bari kwanakin suka wuce, ya rasa damar zuwa kotun lanho kafin biya.

Mai lamba CP75 sanarwar bincike ce: an riƙe kuɗin har sai an ga hujja, kuma galibi kwana 30 ake bayarwa. Mai lamba CP87A tana nuna cewa wani ma ya sa yaron nan cikin takardarsa. Wannan ya fi faruwa bayan rabuwar aure. Ƙa'ida ita ce wanda yaron ya fi kwana wurinsa shi ke da haƙƙi, sai fa idan ya sa hannu a takarda mai lamba 8332 ya bar wa ɗayan.

Mafi nauyinsu ita ce sanarwar giɓin lanho, mai lamba 3219. Daga ranar da aka aika ta, mutum yana da kwana 90 ya shigar da ƙara kotun lanho ta Amurka ba tare da ya fara biya ba, ko kwana 150 idan an aika ta ga wanda ke wajen ƙasar. Kuɗin shigar da ƙara dala 60 ne, kuma rigimar da ba ta wuce dala 50,000 a shekara ba tana da hanya mai sauƙi wadda mutum ke iya bi ba da lauya ba. Ma'aikatar ba ta da ikon ƙara ko kwana ɗaya a kan wannan wa'adi, kuma ci gaba da musayar wasiƙu da ita ba ya tsayar da ƙidaya.

Haɗarin ya fi yawa ga mai zuwa ganin gida. A ɗauki misalin direban taksi da ya taho azumi, ya zauna har bayan salla. Muddin an aika takardar ga adireshinsa na ƙarshe da ma'aikatar ta sani, doka ta ɗauka an sanar da shi, ko ya gani ko bai gani ba. Saboda haka mai tafiya ya bar amintacce yana buɗe masa wasiƙu, wanda ya sake gida kuma ya sanar ta takarda mai lamba 8822.

Hujjar da ake karɓa

Rantsuwa da shaidar abokai ba su wadatar ba. Takardar haihuwa ita ke nuna dangantaka, kuma idan da Faransanci take sai a haɗa da fassara. Zaman tare kuwa ana tabbatar da shi da takardun lakwal ko na likita ko na mai gidan haya, masu ɗauke da sunan yaro da adireshi da ranakun da suka haura wata shida na shekarar da ake bincike, ba wata shekara ba. Kwafi ake aikawa, a riƙe na asali, a haɗa da kwafin takardar ma'aikatar, a kuma adana shaidar gidan waya mai nuna ranar aikawa.

Idan ma'aikatar ce ke da gaskiya

Wanda ya duba ya ga yaron bai cika sharaɗi ba, gara ya amsa kuskurensa da wuri, domin kuɗin ruwa na hauhawa kan bashin, kuma ana iya neman biya kashi-kashi. Bayan an hana mutum ta hanyar bincike, sai ya cika takarda mai lamba 8862 kafin ya sake nema. Idan an same shi da ganganci za a hana shi shekara 2, idan zamba ce shekara 10. Cewa mai cika takardu na unguwa ne ya ƙara yaron ba ta fid da kowa, tunda wanda ya sa hannu shi doka ta sani. Banda haka, takardar neman zama ɗan ƙasa tana tambayar ko akwai bashin lanho a kan mai nema. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Mai ƙaramin ƙarfi bai rasa madafa ba. A cikin ma'aikatar akwai ofishi mai zaman kansa na kare masu biyan lanho, wanda ake nema kyauta da takarda mai lamba 911, akwai kuma cibiyoyin da ke tsaya wa talakawa kyauta ko da kuɗi kaɗan. A kuma yi hattara da macuta: ta wasiƙa ma'aikatar ta saba fara tuntuɓar mutum, ba ta wayar barazana ba.

Su ma iyalan da ke gida suna da rawar takawa. Idan aike ya makara, maimakon ƙorafi ya kamata a tambayi ɗan'uwa ko takarda ta zo, da ranar da ke kanta, a kuma gaggauta aika masa takardun haihuwar da zai buƙata. In kunne ya ji, jiki ya tsira.