Taba Ba Maganin Ƙiba Ba Ce, Balle Ga Mai Juna Biyu

Na gaji da jin wata magana da ke yawo a bakin matasan mata, a gidajen biki da wajen kitso. Wai shisha da sigari suna hana ƙiba, wai kuma mai ciki in tana ɗan zuƙa, abin da ke cikinta ba zai yi girman da zai ba ta wahala ranar naƙuda ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ta fi ƙarya tsagwaronta haɗari.

Gaskiyar da ke ciki ba ta da yawa. Nikotin ɗin taba yana kashe sha'awar abinci, kuma masu shan ta sukan gaza marasa sha da kamar kilo 4 zuwa 5. Kamfanonin taba sun daɗe da gano wannan. Tun wajen 1928 masu sigarin Lucky Strike a Amurka suke yi wa mata talla cewa su kunna kara ɗaya a madadin shan alewa. Abin da tallan bai faɗa ba shi ne, kitsen mai shan taba ya fi taruwa a tumbi, kewaye da hanji da hanta, kuma haɗarin ciwon suga gare ta ya ɗara na wadda ba ta sha da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Hannu siriri, ciki a gaba. Wannan ce ramar da ake nema?

Maganar ƙaramin jariri ita ta fi ci mini rai. Jaririn da ke ciki ba ya shaƙar iska; da jinin uwa yake rayuwa, ta mabiyiya da cibiya. Uwa na zuƙar hayaƙi, nikotin zai matse hanyoyin jinin, abinci ya ragu. Sannan akwai gubar nan ta kabon monoksayid, irin wadda ke kashe mutanen da suka kwana da janareto ko gawayi a ɗaki. Tana kama jini fiye da iskar numfashi sau 200 da ɗoriya, ta tare mata wuri. Ashe ƙanƙantar jaririn ba kyauta ba ce daga taba, yunwa ce da shaƙewa na wata tara. Tun 1957 wata likita a Amurka, Winea Simpson, ta lura cewa masu shan taba sun fi haihuwar 'ya'ya marasa nauyi. Bincike ya yi ta tabbatarwa tun daga lokacin: jaririn mai shan taba yakan gaza da kamar giram 200. Za ki ce ai ba yawa. Ki tuna duk wanda bai kai kilo 2.5 ba, likitoci suna sa shi cikin masu haɗari, kuma giram 200 ya isa ya tura yaro ƙasan wannan layi. Ki leƙa ɗakin jarirai a asibiti ki ga na cikin kwalba, fata a yamutse, bakin ma ba ƙarfin kama nono.

Sauƙin haihuwar fa? Babu shi. Taba tana jawo ɓari, da haihuwar bakwaini, da ciki a wajen mahaifa. Tana sa mabiyiya ta sauko ta toshe hanya, ko ta ɓalle kafin lokaci jini ya ɓarke, a ƙare da tiyatar gaggawa ko haihuwar gawa. Abin mamaki, yaron da aka haifa a rame saboda taba ya fi sa'o'insa yiwuwar yin ƙiba in ya taso. An gudu ba a tsira ba.

Kada wata ta ce ita shisha take sha, ruwa yana tacewa. Ruwan sanyaya hayaƙin yake yi, gawayin da ke sama kuwa ƙarin guba yake kawowa. Lalle zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini su ma suna rage nauyin jariri, amma su ba a kai kuɗi a saye su.

Maigida, kai ma da kai nake, don a gidajenmu galibi ba matar ce ke sha ba. Hayaƙin da kake busawa a ɗaki yana isa ga ɗanka. Buɗe taga ko kunna fanka ba ya wadatarwa. In ba za ka iya bari yau ba, ka fita waje can, ban da zaure, ban da mota, kuma ka sauya riga ka wanke hannu kafin ka ɗauki jinjiri. Hayaƙi a ɗakin jego yana cikin abubuwan da ke sa jariri mutuwar fuju'a yana barci.

Ke kuma 'yar'uwa, ki bari gaba ɗaya, ba ragewa ba. Wadda ta bari cikin wata uku na farko, nauyin jaririnta yakan yi kusa da na wadda ba ta taɓa sha ba, kuma ko a wata na bakwai aka bari an ci riba. Ranar awo ki gaya wa ungozoma ko likita gaskiya. Sun ji abin da ya fi naki. Kada ki sayi cingam ko filastar nikotin sai da izininsu. Ki fitar da tukunyar shisha daga gidan, ki rage zama da ƙawayen da kuke sha tare. Ƙwalamar in ta taso ba ta wuce 'yan mintoci: ki sha ruwa, ki gaigayi goriba ko karas, ki ɗan zaga tsakar gida. Ki guji cike gurbinta da lemon kwalba da cincin, don ta nan ƙibar da kike tsoro take shigowa. In kuma sikeli ya hau, ai mai ciki dole ya hau. Mace mai matsakaicin jiki ana so ta ƙara kilo 11 zuwa 16 kafin ta sauka.