Ɓeran Masar: Yadda za a kula da shi idan cikinsa ya ɓaci

A gidaje da dama a arewacin Najeriya, ɓeran Masar na cikin dabbobin da yara ke fara koyon kiwo da su, tare da zomo da tattabara. Ba ya da tsada, ba ya cika cizo, kuma ba ya buƙatar fili mai yawa.

Sai dai sau da yawa murnar ba ta daɗewa. Yaro zai kwanta ya bar dabbarsa tana ɗan zawo, washegari ya tarar da ita a sandare. Galibi matsalar daga abinci take farawa, maganin da aka ba ta da kyakkyawar niyya kuma ya ƙarasa ta.

Duk da sunansa, asalinsa ba Masar ba ne. Daga tsaunukan Andes na Kudancin Amurka ya fito, inda mutanen Peru da Bolibiya da Ekwado suka shafe dubban shekaru suna kiwonsa domin nama. Cikinsa na mai cin ciyawa ne zalla, kuma daga nan ya kamata mai kiwo ya fara fahimtarsa.

Yadda cikinsa ke aiki

Ɓeran Masar yana da wata babbar jaka a hanjinsa, cike da ƙwayoyin halitta masu amfani waɗanda ke narkar masa da ciyawa. Muddin ciyawa na shiga, hanjin na motsi, ƙwayoyin kuma suna zaune lafiya. Da zarar an cika shi da dusa ko burodi ko ragowar tuwo da shinkafa, sai tsarin ya rikice, iska ta taru, kashi ya yi ruwa.

Ba ya iya amai, don haka duk abin da ya haɗiye sai ya bi ta hanji.

Yana kuma cin wani kashi mai laushi da yake fitarwa, yawanci kai tsaye daga duburarsa. Wannan ba cuta ba ce, ta haka yake samun wasu sinadaran bitamin, kuma bai kamata a hana shi ba.

Kashin mai lafiya dogo ne kaɗan, da ɗan tauri, launinsa ƙasa-ƙasa mai duhu, kuma girmansa kusan ɗaya. Duba shi kowace safiya shi ne gwaji mafi sauƙi.

Me ke jawo ɓacin cikin?

Na farko shi ne sauya abinci farat ɗaya. Makiyaya sun san yadda sabuwar ciyawar farkon damina ke sa awaki zawo bayan watannin rani. Haka abin yake ga ɓeran Masar, ga shi kuma nauyinsa bai cika wuce kilo ɗaya da ɗan wani abu ba, ruwan jikinsa na saurin ƙarewa.

Jiƙaƙƙiyar ciyawa da aka cusa a buhu ta kwana ta yi zafi tana kawo kumburin ciki. Haka ma kabeji idan ya yi yawa. Kankana da mangwaro da ayaba suna da zaƙi sosai, ɗan yanki sau ɗaya ko biyu a mako ya isa.

Akwai kuma ciyawar bakin titi ko ta gonar da aka yi wa feshi, da ruwan sha da ya kwana da kashi a ciki.

Abubuwan da ba a ba shi sam sun haɗa da albasa, tafarnuwa, dankalin Turawa da ɓawonsa, ganyen tumatir, fiya, rogo, madara da abincin kaji.

Matakan da za a ɗauka a gida

Idan kashin ya yi laushi kawai, amma dabbar na ci, tana sha, tana yawo, ana iya fara kulawa a gida.

A janye ɗanyen ganye da kayan marmari na kwana ɗaya zuwa biyu, a bar masa busasshiyar ciyawa mai tsafta da ruwa mai kyau a kowane lokaci. Kada a hana shi abinci baki ɗaya da sunan hutar da ciki, domin hanjinsa na iya tsayawa cak.

A ware shi daga sauran don a iya ganin abin da ya ci da kashin da ya yi, amma a inda zai riƙa jin motsinsu, tunda dabba ce mai son zama cikin 'yan'uwa.

A goge masa bayansa da tsumma da ruwan ɗumi, a busar, saboda ƙudaje na iya yin ƙwai a wurin. A canza shimfiɗa, a ajiye shi a inuwa. Zafin da ya kai digiri 30 a ma'aunin Salshiyos na iya galabaitar da shi, balle a ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu.

Idan kashin ya daidaita, a dawo da ganye iri ɗaya, kaɗan-kaɗan, a duba sakamako kafin a ƙara wani.

Kuskuren da ke kashe su

Mutane da yawa sun saba fasa kafso su zuba wa kaji a ruwa. Yi wa ɓeran Masar haka na iya zama ajalinsa.

Magungunan dangin penicillin, irin su ampicillin da amoxicillin da Ampiclox, da kuma erythromycin da lincomycin, suna kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke hanjinsa. Daga nan sai masu cutarwa su yawaita su saki guba, dabbar ta mutu cikin 'yan kwanaki. Akwai magungunan da suka dace da shi, amma likitan dabbobi ne zai zaɓa ya kuma auna.

Yaushe za a garzaya wurin likita?

Idan zawon ya zama ruwa tsululu ko da jini, ko ciki ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, ko dabbar ta takure a lungu gashinta a tashe tana cizon haƙora, to lamarin ya wuce na gida.

Haka nan idan ta kai awa 12 ba ta ci ba ko ba ta yi kashi ba, ko laushin kashin ya wuce kwana biyu. Jarirai da masu ciki kuwa ba a jira da su ko kaɗan.

Baya ga asibitocin dabbobi na jihohi, akwai na koyarwa a jami'o'in Ahmadu Bello da ke Zariya, da Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, da ta Maiduguri.

Abincin yau da kullum

Kusan kashi 80 cikin 100 na abincinsa ya kamata ya zama ciyawa. Ita ce ke motsa hanji, ita ce kuma ke rage masa haƙora, waɗanda ba sa daina tsiro har ya mutu. Harawar wake da ta gyaɗa na da amfani ga ƙanana da masu ciki, amma ga manya a haɗa da ciyawa, saboda yawan sinadarin kalsiyam na iya kawo tsakuwa a mafitsara.

Kamar ɗan'adam, jikinsa ba ya haɗa bitamin C da kansa. A kansa ne ma likitoci biyu 'yan Norway, Axel Holst da Theodor Frølich, suka nuna a 1907 cewa ƙarancin wani abu a abinci ne ke jawo cutar da ke sa dasashi zubar jini. Babba na buƙatar kimanin miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsa kullum, mai ciki ko marar lafiya kuma har 30.

Yankan koren tattasai ko ɗan gwaiba na taimakawa wajen cike wannan gurbi. Abincin zomo na kanti ba ya wadatar da shi.

Ɓeran Masar da ya samu ciyawa da ruwa mai tsafta da ɗan ganye kullum kan rayu shekara biyar zuwa bakwai.