Motar ITAOUA da ma'aikacin da aka manta da shi a mahawara

Tun daga watan Janairun 2025 da aka nuna motar lantarki mai suna ITAOUA a Wagadugu, gardama ɗaya ce ke yawo a majalisun shayi na Zango da shafukan Facebook da TikTok. Wasu na rantsuwa cewa Burkina Faso ta ƙera mota tun daga ƙusa har taya. Wasu kuwa sun ajiye hotonta kusa da wata ƙaramar motar kamfanin Dongfeng na China suna cewa tambari kawai aka sauya. Kamannin a fili suke, kuma daga China ake kawo sassan a harhaɗa a Burkina. Wannan ba abin kunya ba ne, domin Hyundai ta Koriya ma da harhaɗa motar Ford Cortina ta fara a 1968. Abin takaici shi ne ɓangarorin biyu duk jikin motar suke kallo, babu mai tambayar wanda zai iya tafiyar da injinan da ke haɗa ta.

A masana'antar mota ta zamani, gangar jikin mota ɗaya na ɗauke da dubban ɗigon walda, kuma hannayen ƙarfe na mutum-mutumi ne ke yin mafi yawansu. Abin da ke gaya wa kowane hannu ya motsa ko ya dakata shi ne akwatin umarni da ake kira PLC, wata kwamfuta mai jure zafi da ƙura, wadda ke karɓar saƙo daga na'urorin ji da gani da ke jikin layi. Kamfanin General Motors na Amurka ne ya nemi a ƙera irinta a 1968, bayan ya gaji da sauya wayoyi tuli duk lokacin da aka fito da sabon samfurin mota. Injiniyan da ke rubuta umarnin wannan akwati, ya gano dalilin tsayawar layi da tsakar dare, ya tabbatar injin ya mutu nan take idan ma'aikaci ya buɗe ƙofar shinge, shi ne mutumin da ake magana a kansa. Ƙaramar masana'anta da ke haɗa motoci da hannu tana iya lallaɓawa ba tare da irinsa da yawa ba. Ranar da ta so yin walda da fenti da kanta kuwa, dole sai da su.

Hausawa sun taɓa ganin wannan fim, kuma ya kamata a ce sun fi kowa tuna yadda ya ƙare. A 1975 aka buɗe masana'antar Peugeot a Kakuri da ke Kaduna. A zamanin nan ne gwamnatin Najeriya ta rarraba irin waɗannan masana'antu: Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Mercedes a Enugu, Steyr a Bauchi, manyan motocin Fiat a Kano. Kaduna ce ta fi haskawa. Jiragen dakon kaya na kamfanin UTA suna tashi daga Lyon ta Faransa su sauke sassan mota a filin jirgin Kano, a kwashe su zuwa Kaduna, kuma a shekarunta na tashe masana'antar na fitar da dubun dubatar motoci a shekara. Fijo 504 ta zama motar ma'aikacin gwamnati, ta zama motar tasha, ta zama motar ɗaukar amarya.

Sai kuɗin mai ya faɗi, aka karya darajar naira a 1986 ƙarƙashin shirin SAP, sassan da ake sayowa da kuɗin waje suka gagara, motocin Kwatano suka cika kasuwa. A 2006 aka sayar da kamfanin ga 'yan kasuwa, a 2012 hukumar AMCON ta karɓe shi saboda bashi. Kaduna ta horar da ƙwararrun makanikai da masu walda da masu fenti, har yau ana cin moriyarsu a garejin Arewa. Amma zanen motar, da injinan layi, da sanin yadda za a sake tsara su domin wata mota daban, duk suna hannun Faransa. Da aka koma haɗa Fijo a 2022 a sabuwar masana'antar da Dangote ke da hannu a ciki, kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, daga kawo sassa aka sake farawa, kusan shekara hamsin bayan buɗe Kakuri.

Burkina na da nata labarin a Bobo-Dioulasso, inda kamfanin SIFA ya daɗe yana haɗa kekuna da babura irin su P50 da Yamaha, har babura masu araha daga China suka durƙusar da shi.

Maroko ta bi wata hanyar. Lokacin da Renault ya buɗe masana'antarsa a Tanja a 2012, an kafa cibiyar koyon sana'o'in mota ta IFMIA a gefenta, aka ƙara wasu a Kasablanka da Kenitra, inda matasa ke koyon aiki a kan irin injinan da za su tarar a bakin aiki. Yau ƙasar na fitar da dubban ɗaruruwan motoci a shekara, akasarinsu zuwa Turai. Kamfanonin na waje ne, haka ne, amma yaran Maroko ne ke tayar da layin idan ya tsaya.

Nan ne ya kamata hankalin hukumomin Wagadugu ya koma. Duk yarjejeniyar da za a sa wa hannu da kamfanin waje, a rubuta a ciki yawan 'yan ƙasa da za a koya wa tsara akwatin umarni, kuma a miƙa musu takardun injinan da lambobin sirrin buɗe su. Idan ba a yi haka ba, ƙaramar na'ura ɗaya za ta lalace, ma'aikata su zauna jiran baƙo ya sauka a jirgi. Makarantun da za a ɗora aikin a kansu suna nan: cibiyar koyon sana'a ta Ziniaré, da makarantar injiniyoyi ta 2iE, da Jami'ar Nazi Boni a Bobo. Sai kuma wuta. Mutum-mutumi ba ya jure ɗauke-ɗauken da aka saba gani a watannin Maris zuwa Mayu, kuma megawat 33 da tashar hasken rana ta Zagtouli ta fara da su a 2017 ba za su ɗauki gari da masana'anta tare ba.

Iyayen Zango ma suna da nasu kason. Kakanninsu fatake ne da suka bi hanyar goro zuwa Gwanja, suka kafa unguwar Zangouettin a tsakiyar birnin Wagadugu, har shirin sake fasalin birni na ZACA ya rushe unguwar a 2003 aka watsa mazaunanta zuwa Nioko da gefen Ouaga 2000. Al'adar saye da sayarwa ta ɗore, shi ya sa burin yaro da yawa shi ne shagon kayan gyara ko dillancin mota. Wanda ya nuna basira a wayarin kuwa sai a cire shi daga aji a kai shi gareji yana ɗan shekara goma sha biyu, a ce ai hannu ya fi biro. Wannan yaron, da an bar shi ya gama lissafi da darasin lantarki a makarantar fasaha yana zuwa garejin da yamma, shi ne zai iya karanta zanen wayoyi ya rubuta umarnin inji. Kuma ba sai ya jira masana'antar mota ta girma ba: irin akwatunan nan suna aiki yanzu haka a injinan gurzar auduga na SOFITEX, da masana'antun siminti, da mahaƙar zinariya ta Essakane.