Fotugal, 1974: Yadda yaƙin Afirka ya kifar da mulkin fasistanci

Mulkin fasistanci shi ne kama-karyar da ke haramta jam'iyyun adawa, ta rufe bakin jaridu, ta ɗaukaka ƙasa da shugaba sama da 'yancin kowa. Ƙiyayyar talakawa kaɗai ba ta cika kayar da shi ba. Yakan faɗi ne ranar da ginshiƙansa suka tsage. Hitler dai sai da aka ci Jamus da yaƙi a 1945. Mussolini kuwa, majalisar ƙolin jam'iyyarsa ce ta juya masa baya a Yulin 1943, sannan sarkin Italiya ya sa aka kama shi.

Misalin da ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne Fotugal. Salazar ya mulke ta daga 1932 zuwa 1968, Marcelo Caetano ya gaje shi. Ɗalibai da ma'aikata da 'yan gurguzu sun shekara da shekaru suna fafutuka, 'yan sandan ciki na PIDE suna ɗaure su, gwamnati ko gezau.

Afirka ce ta karya mata lago. Yaƙin neman 'yanci ya ɓarke a Angola a 1961, ya bazu zuwa Gini-Bisau da Mozambik. Ƙananan hafsoshin da ake ta mayarwa fagen daga sun gane cewa babu nasara a gaba, musamman a Gini-Bisau, inda mayaƙan PAIGC na Amilcar Cabral suka hana su sakat. Abin mamaki, ba aƙida ce ta fara haɗa kansu ba. Wata doka ce ta 1973 kan ƙarin girma ta fusata su, daga koken muƙami suka gangaro ga maganar sauya gwamnati.

Da tsakar daren 25 ga Afrilu 1974, wani gidan rediyo ya sa waƙar da suka shirya a matsayin alama, dakaru suka nufi Lisbon. An umarci jama'a su zauna a gida, suka ƙi, suka cika tituna suna soka furanni a bakin bindigogi. Da yamma Caetano ya miƙa wuya. 'Yan sandan ciki sun harbe mutum huɗu kafin su sallama.

Kada mai karatu ya ɗauka juyin mulki ne maganin. Mu a Afirka ta Yamma mun san yadda alƙawarin soja yake ƙarewa. Hafsoshin Fotugal sun yi alƙawarin zaɓe cikin shekara guda, kuma aka yi shi ranar 25 ga Afrilu 1975, sama da kashi 90 cikin 100 na masu rajista suka fito. Duk da haka, ƙasar ta kusa faɗawa yaƙin basasa a Nuwamban 1975, kafin sabon tsarin mulki ya fara aiki a Afrilun 1976.