Yadda Mutanen Kaugama Suka Sami Ƙungiyoyinsu Na Tamaula

In an tambayi mutumin Kaugama, ta ƙasar Haɗeja, dalilin da ya sa yake bin ƙungiya kaza ta wasan tamaula, watau ƙwallon ƙafa, da wuya ya kawo hujja. Labari zai bayar. Galibinsu ba zaɓa suka yi ba, kamar yadda yaro ba ya zaɓen malamin da zai rubuta masa allo. Inda aka kai shi nan yake girma, ko ya yi furfura kuwa ba ya yarda a aibata wurin a gabansa.

Mu fara da manya. Hanyar Kano daɗaɗɗiya ce ga mutanen wannan yanki, tun zamanin da jirgin ƙasa na Nguru yake tsayawa a Malam Madori. In an kawar da gero da riɗi, sai samari su tafi birni cin rani. Can wani ɗan'uwa ko maigida ya ja su zuwa filin wasa, suka ga taron da ba su taɓa ganin irinsa ba sai a masallacin idi. A shekarar 1990 aka haɗa ƙananan ƙungiyoyi 3 na Kano aka kafa Kano Pillars, wadda ake wa kirari da Sai Masu Gida. A lokacin nan Kaugama tana cikin Jihar Kano, saboda haka ƙungiyar tasu ce halak malak.

Shekara guda tak, ran 27 ga Agusta 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jigawa daga Kano. Aka raba ma'aikata, aka raba ofisoshi, amma ba wanda ya iya raba wannan. Jigawa ta zo ta sami tata ƙungiya, Golden Stars, ana kuwa yi mata fatan alheri, sai dai wanda ya riga ya sa riga ruwan ɗorawa da kore bai tuɓe ba. Da damina ta hana tafiya, rediyo ce take kawo musu wasan har bakin gona. Ɗa yana zaune kusa da uba, ya ga fuskarsa ta sake ko ta ɗaure, to, karatu ya shiga ke nan.

Pillars kuwa ba ta ba su kunya ba. Ta ci kofin ƙasa a 2008, ta sake ci sau 3 a jere, 2012 da 2013 da 2014. Amma abin da dattawa suka fi maimaitawa shi ne na 2009, sa'ad da ta yi kunnen doki da Al Ahly ta Masar, ɗaya da ɗaya a Kano, biyu da biyu a Alƙahira, ta fitar da ita daga gasar zakarun Afirka. Yaran da suka ga murnar iyayensu a daren nan, yau magidanta ne.

Na baya kuma wata ƙofa suka bi. Da gidajen kallo suka bazu cikin garuruwa, ana ta da inji ana karɓar 'yan kuɗi a bakin ƙofa, sai wasan Ingila ya shigo. Nwankwo Kanu ya koma Arsenal a 1999, ya ja jama'a masu yawa, Mikel Obi ya shiga Chelsea a 2006, shi ma ya ja nasa. Abin mamaki, 'yan wasan nan sun daɗe da barin ƙungiyoyin, amma waɗanda suka bi su ciki ba su fito ba. Har akan sami wa da ƙane su kwana ba sa ga-maciji saboda garin da ko a mafarki ba su taka ba. Wannan kam akwai wauta a ciki. Hasararsa kuma a gida take faɗawa, domin yaron da ya haddace 'yan wasan Landan kaf, sau da yawa ba ya iya kawo sunan mutum 3 na Golden Stars.

An jarraba masu bin Pillars a 2022. Waɗansu magoya baya suka ta da fitina a wurin wasa, hukuma ta zabtare wa ƙungiyar maki, daga ƙarshe ta faɗo daga rukunin manya. Ashe son da ba linzami yakan karya abin da ake so. Samarin gidan kallo suka sami abin tsokana, suna ce wa iyayensu, Baba, ashe masu gida sun koma haya? Dattawan ba su tanka ba, ba su kuma sauya sheƙa ba. Suka ci gaba da kasa kunne ga wasannin ƙaramin rukuni, har Pillars ta komo cikin manya a 2023.